Yada zango ba tare da biza ba: kowa ya faɗi yadda ta kaya masa

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina haɗa tafiya mai zango uku, amma duk wakilin tikitin da na tambaya amsarsa daban. Wanda ya taɓa ratsa wata ƙasa ba tare da biza ba, don Allah ya ba mu labari, ko na daɗi ko na wuya.

Ɗan fatake: Wa'alaikumussalam. Ni dai na ci moriyar tsarin ƙasar Sin. Tun ranar 17 ga Disamba, 2024 suka ƙara wa'adin ratse daga awa 144 zuwa awa 240, wato kwana goma cur. Sai dai ba kowane fasfo ba ne. Da na Amurka na shiga. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana ba ya cikin jerin, iyakarsa ratsen awa 24 da aka ba kowa. Sharaɗin da ke kayar da mutane shi ne ƙasa ta uku. Abokin tafiyata ya yanki tikitin Seoul zuwa Shanghai, ya komo Seoul, aka ce masa wannan ai zuwa da dawowa ne, ba ratse ba. A gaban kanta ya tsaya, gumi na keto masa, ya sayi na Hong Kong ta waya, don ita ana lissafa ta a matsayin wani yanki na daban. Lissafin awannin kuma daga sha biyun daren ranar da ka sauka yake farawa, ka ga akwai 'yar gyara.

Uwar ɗalibai: Alhaji, kun ji daɗinku. Ni Turai ce ta koya mini hankali. Fasfon Najeriya na cikin na ƙasashe 12 da yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da suka cire binciken iyaka a tsakaninsu, ke nema wa bizar ratsen filin jirgi, ko da mutum ba zai leƙa waje ba. Na san mai bizar Kanada ko Amurka ko Japan wadda ba ta ƙare ba an ɗauke masa wannan, to ta Kanada na hannuna, na saki jiki. Ashe tikitin nawa ta Paris zai bi, sannan Frankfurt, sannan Toronto. Jirgin da ke tsakanin Paris da Frankfurt tamkar na cikin gida ne a wurinsu, tunda duk a Schengen suke, dole sai kin wuce jami'an shige da fice, wato sai da cikakkiyar bizar Schengen. Yarinyar da ke kan kanta ta juyo mini da fuskar kwamfutarta, ta nuna mini layin da ɗan yatsa. Akwatina har ya hau ma'auni aka sauko da shi. Wakilin da ya sayar mini kuwa cewa ya yi wai bai lura ba.

Malamin lissafi: Sannu Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Nawa kwaɗayin araha ne ya jawo. Na yanki tikiti biyu daga kamfanoni biyu, mahaɗarsu Istanbul. A can galibi ba a neman biza muddin kana cikin zauren masu ratse. Amma kamfanin farko a wurinsa Istanbul ce ƙarshen tafiyata, kuma ɗauko akwati sai an wuce jami'an shige da fice. Muka fi rabin awa ana ja-in-ja. Sai da na nuna katin shiga jirgi na biyu, na kuma bar wa ƙanena babban akwatin, na tafi da 'yar jakar hannu. In aka kai fasinjan da ba shi da takardu, kamfanin ne ke biyan tara ya kuma mayar da shi, shi ya sa ba sa sassauci. Manhajar da suke dubawa Timatic ce, ta IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, kuma kowa na iya shigar da fasfonsa da hanyarsa ya ga abin da za ta ce.

Ɗan fatake: Amurka kam kada ma a fara. Tun 2003 suka dakatar da ratse ba biza. Ko awa biyu za ka yi, sai da bizar ratse ta C-1 ko wata bizar tasu, ko izinin ESTA da ake nema ta intanet in fasfonka na cikin masu shi.

Mai buɗe zance: Na gode ƙwarai. Hajiya, yanzun nan na sake buɗe nawa tikitin: Amsterdam da Madrid ne a jere, duk a Schengen. Bari in kira wakilin tun bai tashi daga ofis ba.