Ta yaya zan sa matasa su daina cinye jarinsu?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koya wa matasa tattalin kuɗi a wata cibiyar koyon sana'a a Rigasa, yawancinsu teloli ne. A aji sun iya ware uwa da riba tsaf, amma da kuɗin ɗinki ya faɗo OPay, sai data da cacar ƙwallo su lashe har kuɗin zare. Adashin da muka kafa ma ya watse, wanda ya fara kwasa ya daina zubi. Na so su buɗe asusu a bankin Jaiz, tunda iyayensu na gudun kuɗin ruwa, amma da yawansu ba su da BVN. Don Allah, wanda ya taɓa shawo kan irin wannan, ta ina ya fara?