Tallafin bincike na cikin gida ko haɗin gwiwa da jami'ar waje: wanne ya kamata in fara nema?

Malamar Kimiyyar Abinci:

Assalamu alaikum. Ni ƙaramar malama ce a wata jami'a a arewa maso yammacin Najeriya, kuma ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar bincike. Abin da ke damuna shi ne maganin ƙwarin da manoma da 'yan kasuwa ke zuba wa wake kafin su ɗinke buhu. Tun da Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da wakenmu a 2015 saboda ragowar magani aka yi ta magana a kan asarar kasuwa, amma ba a cika tambayar abin da ke shiga tukunyar matan karkara ba, alhali su ne ke dafa wannan waken kullum. Ina so in karɓi samfuri daga gidaje da rumbuna da kasuwannin ƙauye in auna, sannan in koma wa mutanen da sakamakon.

Jami'armu ta buɗe neman tallafin binciken cikin gida na TETFund, wato asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, tallafin da aka fi sani da IBR, sai dai kuɗin ba zai biya awon samfuri da yawa ba. A gefe guda kuma wani malami a wata jami'ar Turai ya ce in aika masa da samfurin, su auna kyauta a ɗakin gwajinsu. Shin in bar wahalar neman na gida in rungumi tayinsa, ko kuwa akwai abin da ban hango ba?

Tsohon Malami, Samaru:

Wa alaikumus salam. 'Yata, ki fara da na gida, kuma kada ki raina shi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Wannan ƙaramin kuɗin shi ne zai kai ki ƙauyukan, ya biya man mota da ladan masu taya ki tattara bayani, ya ba ki damar zama da mai gari da matan da ke ajiyar wake har su saba da ke. Wanda ke Turai yana da na'urar awo, amma ba shi da wannan sabon, kuma ba zai iya sayensa ba. Idan kika je masa da bayanan farko a hannunki, da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, da takardar shaidar cewa jami'arki ta zuba kuɗinta a aikin, to a matsayin abokiyar aiki za ki zauna da shi. Idan kuwa buhunan samfuri kawai kika aika, akwai yiwuwar ki tsinci sunanki a layin godiya na ƙarshen maƙala.

Ba ina hana ki haɗin gwiwa ba ne, domin mun ga amfaninsa. Waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanso, wanda aka amince da shi a 2019, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ce ta fitar da shi tare da gidauniyar AATF da hukumar CSIRO ta Ostareliya. Abin lura shi ne cibiyar tana da gonakin gwajinta da masananta da dogon tarihin aiki da manoma tun kafin baƙin su zo, shi ya sa aka yi aikin kafaɗa da kafaɗa. Haka Cibiyar Nazarin Noma a Yankunan Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero ta riga ta kafu kafin ta shiga shirin cibiyoyin ƙwarewa na Bankin Duniya.

Jami'in Ofishin Bincike:

Malama, ni ta ɓangaren takardu zan yi magana. Kwamitin jami'arku ne zai fara tantance ƙudurinki kafin a tura TETFund, kuma kashi-kashi ake sakin kuɗin, ba za a ba ki na biyu ba sai kin kawo rahoton ci gaba da rasit na abin da kika kashe. Saboda haka ki tanadi ambulan guda tun ranar farko, duk kuɗin da kika ba mai babur ko mai awon mudu ki sa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Ki kuma lissafa jinkiri, domin aikinki yana bin kaka ne, kuma idan kuɗi ya iso bayan an gama ajiyar wake kin rasa shekara guda.

Game da baƙon kuwa, kada samfuri ko ɗaya ya fita sai jami'o'in biyu sun sa hannu a yarjejeniyar miƙa samfuri, wadda za ta fayyace wanda ya mallaki bayanan, da jerin sunaye a maƙala, da abin da za a yi da ragowar.

Malamin Gona, Maraɗi:

Ranka ya daɗe Farfesa na Samaru, na yarda da yawancin maganarka, amma ina tsoron kada jiran tallafin gida ya sa baƙon ya nemi wani. Ni a ganina ta bi duka biyun lokaci guda, ta rubuta sunansa a cikin ƙudurin a matsayin wanda zai ɗauki nauyin awo, hakan ma ƙarfi zai ƙara wa takardarta.

Abin da ya fi damuna shi ne me manomi zai samu. Buhun PICS mai ninki uku na ajiyar wake ba tare da maganin ƙwari ba, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tun daga 2007 tare da cibiyoyi irin su INRAN a nan Nijar da IITA a Najeriya, bai karɓu ta hanyar maƙala ba. A dandalin ƙauye ake cika shi da wake a gaban jama'a, a matse iska, a ɗaure ledar ciki da ta tsakiya da buhun waje kowanne daban, a ajiye shi watanni, sannan a tara mutane a kwance shi su damƙi waken da hannunsu su ga babu huji babu gari. Idan Malama ta auna ta gano ragowar magani, dole ta zo musu da abin da za su yi a madadinsa, in ba haka ba tsoro kawai za ta bar musu. Ta ware kuɗin wannan komawar a cikin kasafinta, ta kuma yi bayanin da Hausa a bakin mutanen da a rediyo.

Likita, Kano:

Ina ƙara jan hankali kan neman yarda. Mutanenmu ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma wannan tabon yana cikin abin da aka riƙa ambata sa'ad da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Ko da wake kawai za ki karɓa, ki gaya wa uwargida ƙarara cewa za a kai shi wata ƙasa, da dalilin kai shi, kuma ki ɓoye sunayen gidaje da na 'yan kasuwa don kada sakamakon ya karya sana'ar wani.

Malamar Kimiyyar Abinci:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan miƙa ƙudurin IBR, in rage yawan ƙauyukan domin kuɗin ya isa har da komawa da sakamako, kuma zan rubuta wa malamin Turai cewa sai an sa hannu a yarjejeniya kafin in aika komai. Malam na ofishin bincike, shin ofishin lauyan jami'a ne ke tsara irin wannan yarjejeniyar, ko daga sashenmu ya kamata daftarin farko ya fito?