Lasisin koyarwa a Amurka: kowace jiha da nata sharaɗi

Abin da wasu malamai da suka tattauna batun lasisin koyarwa suka fi nanatawa shi ne, a Amurka babu lasisin koyarwa na ƙasa baki ɗaya. Kowace jiha ita ke ba da nata. Digirin farko dai kusan ko'ina sai da shi, haka ma ɗaukar zanen yatsu don binciken tarihin laifi.

Jarrabawa ce ke rikita mutane. Jihohi da yawa suna karɓar jarrabawar malamai mai suna Praxis, amma Teksas tana da tata mai suna TExES, Fulorida tana da FTCE, Masachusets kuma MTEL. Wani ya ci Praxis da kyau, ya ƙaura Teksas, sai a ce masa ya koma ya zauna tasu. Abin haushi, amma haka tsarin yake.

A jihar Niyu Yok, lasisin farko na shekara 5 ne, kuma kafin a ba ka na ƙwararru sai ka kawo digiri na biyu.

Wanda ya yi karatu a wata ƙasa kuwa, shawarar da aka ba shi ita ce ya fara kai takardunsa a tantance, sannan ya tambayi hukumar ilimin jihar da zai zauna kafin ya biya kuɗin kowace jarrabawa.