Osileta da Hausa: mai lilo ne ko makaɗi?

Jama'a barkanmu da dare. Yaran shagona nake koya wa aikin rediyo, sai muka zo kan osileta na rasa kalmar da zan ba su, shi ne na ce bari in kawo nan a taya ni.

Ga aikinsa a taƙaice. Ka kama Freedom Radio ta Kano a 99.5 megahaz, rediyon ba kai tsaye yake sarrafa 99.5 ɗin ba, akwai wani ɗan abu a ciki, wato osileta, da yake buga nasa bugun a 110.2, sai miksa ta gauraya shi da na tashar ta fitar da bambancin, 10.7, daga nan komai ya zo da sauƙi. Na AM kuma 455 kilohaz ake saukowa. Dabarar Edwin Armstrong ce tun 1918. Masu saita dish ma kullum suna taɓa shi ba su sani ba, 9750 da 10600 da kuke sa wa LNB, ɗan abin nan da ke gaban dish yana karɓar sigina, ai bugun osiletan ne.

Ita miksa ba gardama, mahaɗi zan ce, duk da wani ya ce maburgi, na yi dariya amma wallahi bai yi ƙarya ba.

To osileta fa? An ba ni mai lilo, an ba ni mai kai-komo. Na ƙarshen kamar ɗan aike. Lilo ya fi kusa da ma'anar asali, na yarda, amma lilo in ka bar shi a hankali yake mutuwa, wannan kuwa muddin akwai wuta ba ya tsayawa, kuma ba don kansa yake yi ba, wani yake ba wa lokaci. Ni dai makaɗi nake gani, wanda ke cikin rediyon kuma makaɗin gida.

Abin da ya ja ni gare ta, duk abin da ake dubawa wajen zaɓensa kalmar ta ɗauke shi. Makaɗin da aka haɗa da waya naɗaɗɗiya da kafasito arha ne, yana juyawa inda kake so, amma zafi na taɓa shi sai ya zame, shi ya sa tsohuwar rediyo in ta ɗumama tasha ke guduwa kana bin ta da hannu. Na kiristal ba ya zamewa amma kiɗa ɗaya ya iya. Wani ɗan cif mai suna Si5351 shi ne tsaka-tsaki, kiristal na 25 megahaz yake jingina da shi, Arduino, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, ya ba shi umarni ya buga kusan duk abin da kake so har wajen 160 megahaz, sai dai bugunsa mai kusurwa ne, da 'yan amshi a bayansa, wani lokaci sai an tace. Sannan ƙarfin hannu: mahaɗin diyod irin SBL-1 sai ka ba shi +7 dBm, wato miliwat 5, in hannun makaɗin ya yi rauni sigina ta ragu. Mahaɗin NE602 kuwa da nasa makaɗin yake zuwa a ciki.

Wani malami ya ce yara za su zaci maroƙi ake nufi. Gaskiya ne Malam, amma yau da na ce wa ƙaramin cikinsu makaɗin ya zame, hannu ya kai kan kafasiton ba tare da na nuna masa ba. In akwai mai wadda ta fi ta, a ajiye a ƙasa kafin Asabar, ranar zan rubuta a allo.