Wa ya taɓa bin jirgin ruwan da ya ɗauko masa kaya ta taswirar waya? Ku ba mu labari

Ɗan Kwari, Kano:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da kwantenar yadi da ta taso daga Ningbo ta ƙasar Sin, ejan ya turo min takardar lodi da sunan jirgin. Yaron shagona ya sa min manhajar MarineTraffic mai nuna inda jiragen ruwa suke a taswira, kullum da safe muna dubawa, har jirgin ya wuce Singafo. Daga nan ɗigon da ke nuna jirgin ya tsaya cak, kwana da kwanaki babu motsi. Wallahi barci ya ƙaurace min, don rabin kuɗin kayan nan na mutane ne. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, don Allah ya faɗa mana yadda ta kaya.

Ma'aikacin jirgi, Zangon Takoradi:
Wa'alaikumus salam Alhaji, kwantar da hankalinka. A ɗakin tuƙi nake aiki, na'urar da kake bi ɗin tana gabana kullum. AIS ake ce mata. Jirgin ne da kansa yake shelar inda yake ta rediyon VHF: ga sunana, ga lambata, ga inda na dosa, ga saurina. Idan muna tafiya tana magana duk bayan daƙiƙa 2 zuwa 10, idan mun saki anga sai duk minti 3. Hukumar jiragen ruwa ta duniya, IMO, ita ta wajabta ta a yarjejeniyar SOLAS ta kare rayuka a teku, kuma daga ƙarshen 2004 duk jirgin da ya kai tan 300 yana ketare ƙasashe, da duk jirgin fasinja, sai da ita.

Ba don 'yan kasuwa aka yi ta ba, don kada mu yi karo da juna ne cikin dare ko hazo. Shi ya sa muryarta ba ta da nisa, kamar kilomita 40 zuwa 70 take kaiwa. Manhajar kyauta da ke hannunka tana dogara ne da eriyoyin da aka kafa a bakin gaɓa. Jirginku ya fita mashigin Malaka ya shiga tsakiyar Tekun Indiya, can kuwa babu eriya, sai tauraron ɗan Adam, wannan kuma na masu biyan kuɗi ne. Ɗigon da ya tsaya, wurin da aka ji shi na ƙarshe ne. In sha Allahu zai sake ɓullowa idan ya kusanto gaɓar Afirka ta Kudu.

Uwargida, Fatakwal:
Alhaji, kai kaya kake jira, ni mutum nake jira. Maigidana yana aiki a jirgin da ke kai kayan aiki rijiyoyin mai na cikin teku. A 2020, shekarar da 'yan fashin teku suka addabi Tekun Gini, aka sace ma'aikata 130 a ruwan nan namu, na koyi duba manhajar nan. Bayan sallar isha'i in na kwantar da yara, sai in buɗe in ga ɗan kibiyar nan yana motsi, sannan in iya runtsawa.

Wani dare na buɗe babu shi. Kuma kusa da gaɓa suke, ba wurin da sigina ke yankewa ba. Na kira wayarsa ba ta shiga. Na yi alwala na shimfiɗa dadduma, a kanta asuba ta same ni, wayar tana gefena a kife don na kasa ci gaba da kallonta. Sai da hantsi ya kira. Ashe kyaftin ne ya kashe na'urar da gangan, saboda an sanar da su an ga wani kwalekwale mai gudu yana shawagi a yankin. Ya ce min ɓarayin ma suna da waya, abin da nake gani su ma shi suke gani. Tun daga ranar muka yi alkawari, in zai yiwu ya turo min saƙo kafin su shiga wurin da ake kashewa.

Ma'aikacin jirgi, Zangon Takoradi:
Allah ya tsare mana shi, Hajiya. Gaskiya ya faɗa miki, ƙa'ida ta ba kyaftin wannan dama idan ya ga barin ta a kunne zai jefa jirgi cikin haɗari, sai dai ya rubuta dalili a littafin jirgi. Abin takaici, masu satar ɗanyen mai da manyan jiragen da ke kwashe kifi ba izini su ma kashewa suke yi. Mu a Gana masunta na kuka da wannan sosai.

Mai motoci, Maraɗi:
Ni abin da zan ja kunnen 'yan uwa a kai daban ne. Na'urar nan jirgi take nunawa, ba ta san abin da ke cikinsa ba. Bayan an rufe iyakarmu da Benin a 2023, da yawanmu muka koma sauke kaya a Lome. A wannan rububin wani ya turo min hoton taswira, ga jirgi ya doso Lome, ya ce motoci biyu na ciki, in tura rabin kuɗi kafin wani ya riga ni. Na ce ya ba ni lambar IMO ta jirgin, mai lamba 7 ɗin nan da ba ta canzawa ko an sake wa jirgi suna. Ya yi ta kwana-kwana. Da na bincika sunan da kaina, sai na tarar tankar mai ce. Wa ya taɓa ganin an ɗora mota a tankar mai? Kowa na iya ɗaukar hoton kowane jirgi ya turo maka. Ku nemi takardar lodi, ku duba lambar kwantena ko ta motar a shafin kamfanin jirgin.

Ejan kiliyarin, Apapa:
Malam na Maraɗi ya gama magana. Zan ƙara abu biyu daga abin da nake fama da shi da iyayen gidana na Kano da Kaduna. Na farko, wurin da aka rubuta tashar zuwa da ranar isowa, da hannu ma'aikacin jirgi yake cikawa, wani lokaci ya manta bai sabunta ba. Inda jirgi yake da saurinsa su ne na'ura ke ɗaukowa da kanta daga GPS, su za ka fi riƙewa.

Na biyu shi ne mai haɗa ni faɗa da mutane. Alhaji zai kira ni yana murna jirgi ya iso Legas, har ya yi wa masu sari alkawarin rana. In na duba sai in ga jirgin ya saki anga ne a waje, yana layin samun gurbi a Apapa ko Tin Can. Bayan ya samu gurbi ga sauke kaya, ga kwastan, ga neman tirela. Wani lokacin ma kwantenarka ba ta cikinsa, an sauke ta a Lome ko Tema tana jiran ƙaramin jirgi, kai kana nan kana bin babban har ya juya.

Baƙon Jidda:
Mu nan Bahar Maliya mun ga abin mamaki tun da 'yan Huthi suka fara kai wa jirage hari a ƙarshen 2023. A gurbin tashar zuwa sai ka ga an rubuta cewa duk ma'aikatan jirgin 'yan Sin ne, ko kuma akwai masu gadi da makamai a ciki. Saƙo suke aika wa maharan ta na'urar. Na kuma taɓa ganin jirgi a taswira yana zaune a kan tudu, saboda ana dagula siginar GPS a yankin.

Ɗan Kwari, Kano:
Alhamdu lillahi, Allah ya saka muku da alheri. Yau da safe jirgin ya ɓullo kusa da Durban, yadda ɗan uwanmu na Takoradi ya ce. Hajiya ta Fatakwal, Allah ya riƙa dawo miki da maigida lafiya. Yallaɓai na Apapa, na duba lambar kwantenar a shafin kamfanin, an nuna za a yi mata canjin jirgi a Lome. To in an sauke ta can, ta ina zan san sunan jirgin da zai ƙaraso da ita?

Ejan kiliyarin, Apapa:
A shafin nan dai, Alhaji. Da zarar an loda ta za su sa sunan sabon jirgin da lambar tafiyarsa a ƙarƙashin na farko. Shi za ka koma bi, kuma kada ka ba kowa rana sai ejanka ya ce maka kwastan sun saki kaya.