Firiza na yin sanyi sai ya ɗauke, ina matsalar take?

Assalamu alaikum, masu gyaran firji da AC. Ina koyon aikin nan a wani shago a Gusau, oga ya yi tafiya ya bar min firizan wata mai sayar da ƙanƙara, kuma kullum sai ta aiko.

Kwamfiresan ne, wato injin da ke tura gas, ya ƙone. Na sa sabo, na canza filta, na zuba gas R600a daidai giram ɗin da ke rubuce a bayan firizan. Idan na kunna yana sanyi sosai na wani ɗan lokaci, daga nan sai sanyin ya ɗauke, allurar geji (ma'aunin ƙarfin gas) ta faɗi ƙasa da sifili, kondensa (bututun da ke fitar da zafi) ta huce, amma kwamfiresa na ci gaba da aiki. In na kashe shi ya jima, ko na ɗumama bakin siririn bututun kafilari da tsumma mai ruwan zafi, sai in ji gas ya wuce, sanyi ya dawo. Na bi duk wuraren walda da ruwan sabulu, babu yoyo. Ba wuta ba ce, da janareta ma haka yake yi.

Ba mu da injin bakyum a shagon, da tsohon kwamfiresa muke zuƙe iska.

Danshi ne ke daskarewa ya toshe kafilarin, wato dole sai na nemo injin bakyum, ko kafilarin zan canza?