Dan Allah wa ya taɓa canza filogin mota da kansa a gida? (Corolla 2005)

Abban Khalil, Tumfure:

Assalamu alaikum jama'a barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen masu sanin harkar mota. Ina da Corolla 2005 mai inji 1.8, 'yar Kwatano ce, kwanan nan in na tada ita da safe sai ta kama kakkarwa har sitiyari yana rawa a hannuna, in ta ɗau zafi abun ya ragu amma baya tafiya gaba ɗaya, kuma in na zo wuce tirela a hanyar Kumo na taka totur sai ta ɗan shaƙe kafin ta ɗauka. Ga shan mai, kun dai san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a 2023, ba wanda zai so mota tana sha masa a banza.

Wani abokin aikina yace filogi ne, kuma gsky tun da na saye ta ba'a taɓa canzawa ba. Ina so in gwada yi da kaina ran Asabar a ƙofar gida, ba wai rowa ba, in na kai gareji wuni zan yi a zaune ƙarshe kuma yaron shago ne zai yi aikin ba ogan ba. To wane kayan aiki zan nema, wane irin filogi zan saya, kuma akwai abun da zan iya ɓatawa? Nagode.

Oga Injiniya, Jekadafari:

Wa alaikumus salam Alhaji. Wato kana so ka hana mu cin abinci kenan ko? To ba komai, zan faɗa maka, aikin nan ba wani abu bane a irin motarka, filogi huɗu ne kuma duk suna sama a jere, ba sai ka kwance komai mai nauyi ba. Da V6 ce irin wadda ukun baya suke ɓoye da na ce ka kawo mana kawai.

Farko dai kada ka taɓa shi inji yana da zafi. Ka bari ta kwana, da safe ka yi kafin ka tada ta. Kan injin motar nan alminiyom ne, filogi kuma ƙarfe ne, in da zafi ka murɗa zai iya fitowa da tiredin ramin, wato zaren da filogi ke murɗuwa a ciki, a jikinsa, daga nan kuma ba maganar Asabar ake ba, maganar neman mai gyaran tiredi ake ko ma a sauke tof silinda wato kan injin, kuɗin filogi goma bai kai wannan ba.

Kayan aiki: soket lamba 10, soket ɗin filogi lamba 16 mai roba ko maganaɗisu a ciki, da doguwar sandar da ake jona masa saboda ramin da zurfi, da hannun murɗawa. Ka cire baƙar robar da ta rufe saman inji, zaka ga koyil guda huɗu, su ne masu tura wa filogi wuta, kowanne da wayarsa da noti ɗaya lamba 10. Ka danna ɗan harshen soket ɗin waya a hankali ka zare, nace a hankali domin robar nan ta shekara ashirin tana shan zafi, ta bushe, kaɗan take jira ta karye. Ka kwance notin, ka ɗan juya koyil ɗin ka ja shi sama.

To nan ne mutane suke gaggawa. Kafin ka kwance filogi leƙa ramin da tocila. Mu nan Gombe da ƙurar da muke sha musamman lokacin hunturu, yashi yana taruwa a gindin filogi, kana cirewa duk ya zube cikin silinda, kuma yashi a cikin silinda ba abokin zama bane. Ka hure shi tukuna, ko da famfon taya ne na ƙafa, ko ka naɗa tsumma mai tsabta a sukundireba ka goge.

Wajen saka sabon kuwa, wannan shi ne duk karatun. Ka saka filogin cikin soket, ka sauke shi da sandar kawai ba hannun murɗawa, kada ka jefa shi cikin rami ya faɗi da baki, ka murɗa da yatsunka. In ya hau daidai zai ta tafiya sumul har ƙasa. In ka yi zagaye ɗaya biyu kaji ya cije, tsaya, dawo da shi baya ka sake, kar ka ce bari in ƙara ƙarfi. Wasu ma guntun tiyo suke sakawa a kan filogin su murɗa da shi, saboda in ya hau a karkace tiyon ne zai sulluɓe kafin tiredi ya lalace. Sai ya zauna da hannu sannan ka ɗauko hannun murɗawa ka ƙara kamar rabin zagaye, wannan in sabo ne mai washa da ba'a taɓa matsewa ba. In tsoho ka mayar, ɗan taɓawa kawai, don washar ta riga ta kwanta. Ba notin taya bane da za'a hau a taka.

Kuma ka yi ɗaya bayan ɗaya, ka gama da na farko ka mayar da koyil ɗinsa sannan ka koma na biyu.

Abban Khalil, Tumfure:

Oga Allah ya saka da alheri, abincinku kuma yana nan ai giya da burki ba zan taɓa ba. Saura maganar wanda zan saya, naji ana cewa akwai mai iridiyom akwai na gargajiya, wanne ne?

Oga Injiniya, Jekadafari:

Injin ka 1ZZ ne, wanda aka saba sa masa Denso SK16R11 ko NGK IFR5A11, duka iridiyom, wato wani ƙarfe mai jure wuta ne a tsininsu. Amma kada ka dogara da bakina kawai, cire ɗaya ka karanta lambar da ke jikin farin tangaran ɗin, in littafin motar yana nan kuma ka duba ka haɗa. 11 ɗin nan na ƙarshe tazarar baki ce, milimita 1.1, an riga an saita daga kamfani, kar ka bari wani ya ƙwanƙwasa maka shi a kan dutse wai yana gyara gaf, tsinin iridiyom siriri ne yanzu zai karye. 16 na Denso da 5 na NGK kuma lambar zafi ce, daidai suke da juna. In mai shago yace babu amma ga wani "duk ɗaya ne", to ba ɗaya bane, akwai masu dogon tiredi akwai gajeru, in ka sa wanda ya fi tsawo fistin zai iya dukansa.

Na gargajiya yana aiki, akwai K16R-U11 da yake shiga, ya fi araha, sai dai bakinsa yana saurin cinyewa zaka riƙa canzawa akai akai. Iridiyom na gaske yana wuce kilomita dubu 100 ba abun mamaki bane. Na gaske fa nace.

Maman Ilham, Federal Low-cost:

Slm. Ni dai ba bakanike bace amma wannan "na gaske" ɗin da Oga ya faɗa shi zan ja wa Abban Khalil kunne a kai, domin mu an taɓa yi mana. Maigidana ya sayo guda huɗu a wani shago, kwali mai kyau da tambari da komai, kuɗin ma ƙasa da rabin yadda wani shagon ya faɗa masa har yana murna, ba'a rufa wata biyu ba motar ta dawo da rawarta har ta fi da, da aka ciro bakin ɗaya ya narke ya zama dunƙule. Mai shagon kuma ya rantse shi ma haka aka kawo masa. Araha bata ado wlh. Wanda ya duba mana daga baya ya nuna mana cewa na jabu rubutun jikinsa baya fita tsaf, washar tana lilo har tana neman zarewa, tiredin kuma ba shi da santsi. Ku sayi a wurin wanda kuka sani zaku iya komawa ku same shi gobe, ku ce masa in ya ba da matsala zaku dawo da shi, daga yadda ya amsa ma zaku gane.

Direban Golf, Wunti Bauchi:

Kai jama'a ku kam kuna da kuɗi. Ni Golf 3 nake ja Bauchi zuwa Gombe ta Alkaleri, kuma filogi na in ya yi baƙi cirewa nake in wanke da fetur in goge da burushin waya in ɗan sa samfefa a bakin in mayar, motan ta tashi garau, lodi na bai taɓa kwana a hanya ba saboda filogi. Alhaji kafin ka kashe kuɗi ka gwada wankewa mana.

Sannan ga masu irin motan mu mai distiributa da wayoyi, tunda na san akwai masu karantawa, kar ka kuskura ka zare wayoyin nan huɗu lokaci ɗaya, jerin wutan 1-3-4-2 ne, in ka rikita su motan zata yi ta harbi ta salansa ko ta ƙi tashi ma sam. Kuma ka riƙe kan roban ka ja, ba tsakiyan wayan ba. Sau tari ma ba filogin bane, wayan ce ta tsage, ka buɗe bonet da daddare inji yana aiki zaka ga wuta tana tsalle shuɗi shuɗi.

Oga Injiniya, Jekadafari:

Direba maganarka ta waya gaskiya ce ɗari bisa ɗari. Amma samfefa a naka ne, naka bakinsa kauri gare shi zai jure. Na Alhaji ɗan ɗigon iridiyom ne a tsinin, kana gogawa ka kankare abun da aka biya kuɗin dominsa. Kuma ko a naka wanki baya dawo da ƙarfen da wuta ta cinye, tazarar tana ta buɗewa, koyil yana ta wahalar tura wuta, wata rana shi zai mutu, kuma ka san farashinsa ba na filogi bane. Dabarar hanya ce don ka kai fasinja, ban hana ba.

Alhaji wani abu kuma, tsofaffin da ka ciro kar ka zubar, jera su yadda suke a inji ka kalli bakinsu. In launin shayi da madara ne ko toka toka, inji lafiya yake filogi ne kawai ya tsufa. In baƙi ne busasshe mai gari, mai ne yake yawa, a duba iya kilina (matatar iska) da sensa da injekta mai fesa mai. In baƙi ne mai danshi da maiƙo, baƙin mai ne yake shiga ɗakin wuta, sabon filogi ba zai magance wannan ba. In fari fat ne ko ya yi ƙuraje, zafi ya yi yawa ko mai baya isa. Kuma in ɗaya ne kawai ya bambanta da sauran to matsalar tana wannan silindar.

Fitilar cek, wadda ke nuna inji na da matsala, tana kunne? In tana ƙiftawa lokacin da kake tafiya kada ka yi ta matsa mata, ɗanyen mai ne yake wucewa salansa yana ƙona katalis, abun da ke tace hayaƙi.

Abban Khalil, Tumfure:

Jama'a na dawo da rahoto. Alhamdulillah na canza duka huɗun jiya da safe, na hure ramukan kamar yadda Oga yace kuma wlh yashin da ya fito ba kaɗan bane. Shaƙewar nan ta hanya ta tafi, na je har Kwadon na dawo tana ɗauka yadda ya kamata. Sai dai abu biyu. Na uku daga wajen belt da na zaro koyil ɗin robarsa jage jage take da baƙin mai, ramin ma akwai mai a kwance, amma bakin filogin kansa a bushe yake kalarsa ɗaya da sauran. Na biyu yau da safe ta ɗan yi rawar kaɗan, ba kamar da ba amma na ji. Cek ɗin tana kunne tun tuni, bata ƙiftawa dai. Hajiya nagode, a wurin wanda na sani na saya kuma na duba washar.

Oga Injiniya, Jekadafari:

Madalla Alhaji, ka zama ɗan gari. Man da ka gani daga sama ya zubo ba daga cikin inji ba, tunda bakin filogi a bushe yake. Gasket ɗin murfin bawul ne ya bushe, akwai zoben roba da ya zagaye kowane ramin filogi, shi ya saki. Ba babban aiki bane kuma kayan ba tsada, amma kar ka bar shi, man yana kumbura robar koyil wuta ta riƙa zillewa ta gefe, wataƙila ma shi ne ragowar rawar da kake ji. Yanzu dai ka tsane ramin da tsumma ka goge robar ta bushe ka duba ko ta tsage ko akwai wani baƙin layi siriri a jikinta.

Sannan ka je a jona mata kwamfuta a karanta cek ɗin. In ta nuna lamba P0303 silinda ta uku ce take fashin wuta. Sai a goge lambar, ka musanya koyil na uku da na ɗaya, ka yi yawo da ita kwana biyu a sake karantawa. In ya koma P0301 koyil ɗin ne, shi kaɗai zaka saya, kar wani ya ce maka sai an canza huɗun. In ya tsaya a P0303 sai mu duba injekta da kwamfireshan. Gasket ɗin kam kawo shi gareji, notukan murfin nan ƙanana ne suna da saurin tsinkewa kuma akwai kusurwoyin da sai an ɗiga gam, ka zo da safe kafin goma ni zan yi maka da hannuna ba yaro ba.